Raƙumin Dawa da Ungulu: Wanne Ya Fi Kusa da Ƙarewa?

Jawabi ga 'yan ajin Yaƙi da Jahilci na Turba, ƙasar Isa

 

Yau maganarmu a kan halittu biyu ce, raƙumin dawa da ungulu. Ɗaya dabba ne, ɗaya tsuntsuwa. Raƙumin dawa, da wuya a sami wanda ya taɓa ganinsa da ido a cikinmu. Ungulu kuwa, ko wane dattijo a nan ya san lokacin da mahauta su ke fama da korarta a bakin kasuwa. To, ga tambaya: cikin su biyu, wanne ya fi kusa da ƙarewa daga duniya? Kowa ya riƙe amsarsa a zuci. Za mu gwada su ta fuska uku: danginsu, da mazauninsu, da halin da su ke ciki.

DANGINSU

Masana sun rarraba halittu dangi dangi, kamar yadda mu ke cewa wannan Bagobiri ne, na gari kaza, na gida kaza. Wani masani mutumin ƙasar Suwidin, sunansa Linnaeus, shi ya tsara wa dabbobi wannan hanya a shekarar 1758, har yanzu kuwa da ita a ke aiki. Ba kamanni kaɗai a ke dubawa ba. A kan duba ƙashi, da haƙori, da ƙafa, da yadda halitta ta ke haihuwa.

Raƙumin dawa yana cikin masu haihuwa su ba da nono, kamar saniya da akuya. Sunansa ya kan ruɗi mutum, gama shi ba ɗan'uwan raƙumin gida ba ne na kusa. Ku dubi ƙafa. Raƙumi tafi gare shi mai taushi, raƙumin dawa kuwa kofato gare shi rababbe biyu, irin na saniya. Raƙumi ba shi da ƙaho, shi kuwa yana da 'yan ƙahoni gajeru, fata ta rufe su. Yana tuƙa kamar tunkiya. Saboda haka ya fi kusa da saniya da barewa da gada. Ɗan'uwansa na ɗaki ɗaya guda ne tak, wata dabba mai suna okapi, wadda ta ke zaune a kurmin Kwango.

Babu dabbar da ta kai shi tsawo. Namiji ya kan haura ƙafa 16. Harshensa ya kai kamu guda. Duk da tsawon wuyan nan nasa, ƙasusuwan wuyan 7 ne, daidai da na ɗan Adam, sai dai ko wane ɗaya dogo ne. A shekarar 2025 masana suka yarda cewa raƙuman dawan Afirka iri huɗu ne. Namu na Afirka ta Yamma reshe ne na irin arewa, kuma ya fi sauran hasken jiki. Wanda Turawa suka fara rubuta labarinsa, a shekarar 1898, kusa da Lakwaja aka harbe shi, a ƙasarmu ta Nijeriya.

Ungulu tana cikin tsuntsaye, masu gashi, masu yin ƙwai. Danginta su ne shirwa da shaho da gaggafa, watau masu lanƙwasasshen baki. Amma su suna kama mai rai, ita kuwa mushe ta ke jira. Ungulaye iri iri ne. Akwai manya na daji, akwai kuma ƙaramar nan ta gari, mai siririn baki da sanƙon kai, wadda fuskarta ta kan yi ja in tana ƙoƙarin abinci. Ita mu ke nufi yau. In ta buɗe fukafukanta sun kai ƙafa 5 ko fi, amma nauyinta bai wuce na babban zakara ba.

Nan sun bambanta ƙwarai. Amma akwai abu guda da ya haɗa su, ku riƙe shi da kyau: dukansu ba su da yawan haihuwa. Raƙumar dawa ta kan yi wata 15 da ciki, ta haifi ɗa ɗaya. Ungulu ƙwai ɗaya ta ke yi a shekara, ta kwanta a kansa kwana wajen 50, ɗan kuma sai ya yi wata uku ko huɗu kafin ya tashi. Ku gwada da zabuwa, wadda ta ke zuba ƙwai da yawa a damina guda. In an kashe zabi goma, baɗi an mai da su. In an kashe ungulu goma, sai an yi shekaru.

MAZAUNINSU

Shekara ɗari da suka wuce, ana samun raƙumin dawa tun daga Senegal har tafkin Chadi, cikin irin ƙasar nan tamu mai gawo da ƙaya da sabara. Yau ba ya Senegal, ba ya Mali, irin nan nasa kuma ba ya Nijeriya. Ƙasa guda ta rage masa, ita ce Nijar. Yawancinsu suna wajen wani gari mai suna Kure, kamar mil 40 daga Yamai a kan hanyar Doso, cikin ƙasar Zabarmawa.

Wurin nan ba gandun daji ba ne mai shinge. Gonaki ne da ƙauyuka kamar namu. Da damina raƙuman su kan hau tudu su ci ganyen geza da sauran itatuwan fako. Da rani sai su gangaro kwarin da a ke kira Dallol Boso, su ci ganyen gawo da 'ya'yansa. Kun san halin gawo, da rani ya ke fid da ganye sa'ad da sauran itatuwa suka kaɗe. Shi ne rumbun raƙumin dawa, kamar yadda ya ke rumbun awakinmu.

Ungulu kuwa ƙasarta faɗi gare ta, tun daga Senegal har Habasha, har zuwa kudancin Afirka. A wajenmu ta zaɓi zama kusa da mutane: mahauta, da kasuwa, da juji, da inda a ke yar da mushe. Amma ba ta sheƙa sai a kan dogon itace, kamar kuka, da rimi, da giginya, da tsamiya. Ba banza Hausawa su ke cewa ungulu ta koma gidanta na tsamiya ba. Ta kan koma sheƙa guda shekara da shekaru, in ba a sare itacen ba.

To, kun ga nan ma sun yi tarayya. Dukansu biyu maƙwabtan mutum ne, dukansu kuma rayuwarsu a kan itace ta ke. Ɗaya yana ci daga itace, ɗaya tana haihuwa a kansa. Gatari guda ya ishe su duka.

TSANIN HAƊARI

Akwai wata ƙungiya ta duniya mai suna IUCN, an kafa ta a shekarar 1948, ofishinta yana ƙasar Suwizalan. Tun 1964 ta ke riƙe da wani littafi, Jan Littafi, inda a ke rubuta halin da ko wace halitta ta ke ciki. Ku ɗauke shi kamar tsani mai mataki bakwai:

1. Babu damuwa.
2. An kusa shiga haɗari.
3. Akwai haɗari.
4. Haɗari ya yi yawa.
5. Bakin ƙarewa.
6. Babu a daji, sai a hannun mutane.
7. Ta ƙare ƙaf.

Ana hawa tsanin nan, ana kuma sauka. Mariri, farar dabbar nan ta sahara mai dogayen ƙahoni, ya kai mataki na 6 a shekarar 2000. Aka yi kiwonsa, aka sake shi a dajin Chadi tun daga 2016, a shekarar 2023 ya sauko mataki na 4. Mataki na 7 kaɗai ne ba a dawowa daga gare shi.

Yanzu ga amsar tambayarmu. Raƙumin dawan Nijar yana mataki na 4 a shekarar 2008, a 2018 aka sauko da shi na 3. Ungulu kuwa tana mataki na 1 har zuwa 2009. A 2011 ta hau na 4, a 2015 ta hau na 5. Ashe ungulu ce ta fi kusa da ƙarewa.

Wani zai ce, “Malam, yaya haka? Raƙuman nan 'yan ɗaruruwa ne, ungulu kuwa dubbai.” Gaskiya ne. A lissafin 2011, an ce ungulun gari da ta rage a Afirka duka ba ta wuce 197,000 ba, wannan kuwa ya ninka yawan raƙuman sau da yawa. Amma ba yawa kaɗai a ke dubawa ba, har da inda abin ya dosa. Ku ɗauki mutum biyu. Ɗaya yana da ƙaton rumbu, amma gindinsa ya huje, hatsi yana zuba dare da rana. Ɗaya yana da ɗan ƙaramin rumbu, amma ko wace kaka yana ƙara dami. Wanne yunwa za ta fara kamawa? Masana sun lissafa cewa cikin shekara wajen 50, daga ko wace ungulu 100, saura kamar 17. Rumbunta ne ya huje.

YADDA RAƘUMIN DAWA YA FARFAƊO

Abu uku suka tasam ma ƙarar da shi: harbi, da saran daji don noma da itacen wuta, da fari. Dattawanmu ba su manta farin 1973 da na 1984 ba. A shekarun nan na 1980 ne ragowar raƙuman suka tattaru a wajen Kure. Da aka ƙidaya su a shekarar 1996, guda 49 aka samu. Ba a gari ɗaya ba, a duniya duka. Shanun Bafillace ɗaya sun fi haka.

Gwamnatin Nijar ta tsananta hana harbinsu, ta kuma yi sabuwar dokar farauta a shekarar 1998. Amma doka kaɗai ba ta isa ba, gama raƙumin dawa ba ya jin kunyar gonar kowa. Yana cin wake, yana cin mangwaro, wani lokaci har waken da aka ɗora bisa rumfa ya kan miƙa wuya ya ɗauka. Manomin da aka cinye wa wake ba ya son wa'azi. Saboda haka ƙungiyoyin kare raƙuman suka haɗa kai da mutanen ƙauyuka. Aka haƙa rijiyoyi, aka ba mata rancen jari, aka dasa itatuwa, samari suka zama 'yan jagora masu kai baƙi kallo ana biyansu. Da mutane suka ga dabbar tana da amfani da ranta, sai suka zama su ne masu gadinta. Kafin 2018 raƙuman sun haura 600.

Sa'an nan aka yi tunani cewa bai kamata a bar su duka wuri guda ba, don kada annoba ko fari su share su gaba ɗaya. A watan Nuwamba na 2018 aka ɗauki guda 8 cikin manyan motoci, aka yi tafiyar mil wajen 500 da su, aka sauke su a gandun dajin Gadabeji. Gadabeji tana jihar Maraɗi, arewa da Dakoro, watau arewa da mu. An keɓe gandun tun 1955, dā ma kuwa akwai raƙuman dawa a cikinsa kafin fari da harbi su ƙarar da su. A 2022 aka ƙara kai guda 4. Sun zauna, har sun haihu a can.

Kada ku ce aiki ya ƙare. Motoci su kan buge su a kan hanyar Yamai zuwa Doso. Gonaki suna ƙaruwa, daji yana raguwa. A watan Agusta na 2020 kuma 'yan bindiga suka kashe mutum 8 a wajen Kure, Faransawa 6 da 'yan Nijar 2, baƙi masu zuwa kallo suka ɗauke ƙafa. Mu mutanen Isa da Sabon Birni ba sai an gaya mana abin da rashin tsaro ya ke yi wa kasuwa da gona ba. Haka ya ke yi wa aikin kare dabbobi.

ABIN DA YA KE CIN UNGULU

Na farko, kamu don sayarwa. Ana sayen kan ungulu da ƙafafunta da ƙwanta don tsafi da neman sa'a, kasuwar kuwa ta fi ƙarfi a Nijeriya. Da ta yi wuya a nan, sai fatake suka shiga nemo ta daga Nijar da Chadi da sauran ƙasashe. A shekarar 2020, a ƙasar Gini Bisau, an sa wa ungulu fiye da 2,000 guba cikin 'yan makonni, da yawa an tarar an yanke kawunansu. Ku yi lissafi: tun da ƙwai ɗaya ta ke yi, sai sheƙa 2,000 sun yi shekara guda cur, babu ƙwan da ya lalace, kafin a mai da wannan hasara.

Na biyu, guba a mushe. Mutum ya kan zuba maganin ƙwari a mushen akuya don ya kashe kura ko dila ko karnuka. Amma wa ya ke fara sauka? Ungulu, ba kuwa ɗaya ba, garke guda.

Na uku, saran manyan itatuwa don gawayi da katako. Na huɗu, ƙarancin abinci, gama yanzu a mahauta ba a yar da kome, hanji da fata da ƙashi duk kuɗi ne.

INA RUWANMU?

Hausawa sun ce ungulu ba ta jewar banza. Jewar nan tata aiki ta ke yi mana, ba ta kuwa karɓar lada. Ruwan cikinta yana da tsami ƙwarai, yana kashe ƙwayoyin cuta da yawa da ke cikin mushe. In jaki ya mutu a bayan gari, ungulaye su kan share shi kafin ya ruɓe. In babu su, mushen ya kwana yana wari, ƙudaje su sauka a kansa su taso su sauka a kan tuwo, karnuka su ci su yi yawa, ruwan sama ya wanke sauran zuwa tafki.

Wannan ba zato ba ne, ya faru a Indiya. A shekarun 1990 masu shanu suka shiga yi wa dabbobinsu allurar wani maganin ciwon jiki mai suna diklofenak. Ungulun da ta ci mushen saniyar da aka yi wa allurar, sai ƙodarta ta lalace ta mutu. Cikin shekara goma sha, wani irin ungulu na can, daga 100 ko ɗaya ba ta rage ba. Karnukan sake suka yawaita, ciwon haukan kare ya ƙaru, ruwa ya ɓaci. Gwamnatin Indiya ta hana ba dabbobi maganin a shekarar 2006, amma ɓarna ta riga ta auku. Wani bincike da aka fitar a 2024 ya lissafa cewa rashin ungulu ya jawo mutuwar mutum wajen 500,000 tsakanin 2000 da 2005. Mu ma masu dabbobi ne, ruwan gulbi da na tafki mu ke sha. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awai.

ABIN DA ZA MU IYA YI

Ba mu da motar ɗaukar raƙumin dawa, amma ungulu ba ta bukatar mota. Ga abu biyar:

1. Kada a sa guba a mushe. In kura ko karnuka sun dame ku, ku gaya wa mai unguwa da malamin dabbobi.
2. Dabbar da ta faɗi farat ɗaya, jini yana fita ta hanci ko ta baya, kada a feɗe ta, kada a ci. Mai yiwuwa ciwon saifa ne, yana kuwa kama mutum. A kira malamin dabbobi, a binne ta da zurfi. Haka kuma dabbar da ta mutu ana cikin yi mata allura, a binne ta.
3. Itacen da ke da sheƙar ungulu, a bar shi. Gawo da kuka da tsamiya da suka tsiro a gona, a kewaye su da ƙaya su girma. Manoman Maraɗi sun yi haka tun shekarun 1980, gonakinsu sun cika da itatuwa.
4. Kada ku sayi kan ungulu, kada ku nuna wa baƙo sheƙarta don 'yan kuɗi. Mai ciwo ya tafi asibiti. Sarkin Baka da Sarkin Fawa da masu maganin gargajiya, maganarku tana da nauyi, ku taimaka. Nijeriya tana da dokar kare dabbobin da ke cikin haɗari tun 1985.
5. Ku yi aiki da karatunku. Ko wace ranar kasuwa, mutum ɗaya ya ƙidaya ungulun da ya gani a mahauta, ya rubuta kwanan wata da adadi a littafi. In bai ga ko ɗaya ba, ya rubuta 0, gama wannan ma labari ne. Ku tambayi tsofaffi itatuwan da ungulu ta ke kwana a kai dā, ku rubuta. Da ƙidaya aka gane raƙuman dawa saura 49, da ƙidaya kuma aka san sun haura 600.

Jama'a, mutanen Kure manoma ne kamarmu, gero da wake su ke shukawa. Sun tarar da dabba a bakin ƙarewa, suka komo da ita. Ungulu har yanzu tana da sauran yawa, saboda haka aikinmu bai kai nasu wuya ba, in mun fara da wuri. Allah ya ba mu zaman lafiya da damina mai albarka. 

TAMBAYOYI

1. Me ya raba ƙafar raƙumi da ta raƙumin dawa?
2. Faɗi tsuntsaye uku dangin ungulu.
3. Raƙuman dawa nawa aka ƙidaya a shekarar 1996?
4. An kai 8 Gadabeji a 2018, an ƙara 4 a 2022. Nawa ke nan aka kai?
5. Don me ungulu ta fi raƙumin dawa kusa da ƙarewa, ga shi kuwa ta fi shi yawa?
6. Rubuta sunayen itatuwa huɗu da ungulu ta ke sheƙa a kansu.